Waƙar nan yabon soyayya take yi ko ɗaurin talala take nunawa?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata waƙa da ake ta turawa kwanan nan, muryar mace ce, kiɗanta a sanyaye. Ba zan kama sunanta ko sunan mai ita ba, don ba rigima da masoyan kowa ta kawo ni ba, kuma irinta suna da yawa. Abin da ke cikinta nake so mu zauna a kai.

A baitin farko tana cewa shi yake zaɓa mata abin da za ta sa, lambar sirrin wayarta tana hannunsa, kuma in ya kira sau ɗaya ba ta ɗauka ba ranar babu zaman lafiya. A na biyu ƙawayenta sun ɗauke ƙafa, shi ne kuma ya ganar da ita cewa dama can ba ƙaunarta suke ba. A na uku ya yi mata kaca-kaca da dare, gari na wayewa ya durƙusa yana kuka yana neman gafara. Amshin kuwa kullum ɗaya ne: in ya tafi ba ta da wanda za ta kama, ba ta san kanta ba sai ta bakinsa. A ƙarshe ta haɗa kayanta, ta kai bakin ƙofa, ya kira sunanta, sai ta ajiye jakar.

Ina ganin 'yan mata suna ɗora ta a kan hotunan samarinsu har da alamar zuciya. Ni kuwa duk sanda na ji ta tsigar jikina tashi take. Ni ce na cika zurfafawa, ko kuwa ku ma kun ji abin da na ji?

Abban Walid:
Wa alaikumus salam. Hajiya, gaskiya kin ɗora wa waƙar kayan da ba nata ba. Tun da aka fara waƙar soyayya a duniya haka ake yin ta. Wani ya ce ba ya ci ba ya sha, wani ya ce ruhinsa na hannun masoyiyarsa, Majnun ma daji ya shiga saboda Laila, har yau kuma ana karanta baitocinsa ana jinjina. Waƙa gidan kambamawa ce. In muka ce kowane baiti sai mun auna shi da ma'aunin likitan ƙwaƙwalwa, to babu waƙar da za ta tsira.

Malamar Adabi:
Abban Walid, maganarka kan kambamawa gaskiya ce, amma ba ta hau kan wannan waƙar ba. Na san wadda Ummu Hanan take nufi, na saurare ta daga farko har ƙarshe.

Kambamawa tana da alama. Mawaƙi in ya ce hawayensa sun cika kogi, ko ya ce wata ya ji kunyar fitowa saboda fuskarta, mai sauraro ya san ƙarya ce mai daɗi, abu ne da ba zai taɓa faruwa ba, an faɗe shi ne don a nuna girman abin da ke cikin zuciya. To ka duba baitocin nan. Lambar sirrin waya ba kambamawa ba ce. Ƙirga kira nawa aka yi ba a ɗauka ba, ba kambamawa ba ce. Ƙawaye su daina zuwa, ba kambamawa ba ce. Waɗannan abubuwa ne ƙanana na yau da kullum, irin waɗanda sai wanda ya gani ko ya zauna kusa da wanda ya gani yake iya jero su haka. Wanda ya rubuta waƙar nan ya ajiye zuguguwa a amshi kawai, baitocin kuwa rahoto ne tsagwaronsa.

Sannan ka lura da wanda yake aikatawa a kowane ɗango. Shi ya zaɓa, shi ya riƙe, shi ya ganar, shi ya yi tsawa, shi ya kira. Aikin da ita ta yi da kanta a waƙar gaba ɗaya biyu ne: ta haɗa kaya, ta ajiye jaka. Na biyun kuma ya goge na farkon. Majnun da ka kawo kansa ya azabtar, bai hana Laila gaisawa da 'yan uwanta ba.

Auta:
Anti, ni dai a ganina duk wanda ba ya kishinki ba ya sonki. Meye laifin mutum ya san wa ke kiran budurwarsa? In babu rami me ya kawo maganar rami?

Maman Nabila:
Auta ƙanena, kishi daban, tsaro daban. Allah da kansa ya ce a Suratul Hujurat aya ta 12 kada a yi binciken sirrin juna, bai kuma cire masoya ko ma'aurata a ciki ba. Kuma ka tambayi kanka, a waƙar nan ita tana da lambar wayarsa?

Auta:
Ba a faɗa ba.

Maman Nabila:
To ka gani.

Abban Walid:
Malama, na karɓi bambancin da kika kawo tsakanin amshi da baitoci. Amma ko da haka ne, ai ba laifi ba ne mawaƙi ya ba da labarin mummunan abu. Muryar da ke cikin waƙa ba lallai ta zama ra'ayin mai waƙar ba. Marubuci yana iya sa ɓarawo ya yi magana a littafinsa ba tare da shi ya zama ɓarawo ba. Abin da nake ƙi shi ne a tashi a ce waƙar tana lalata tarbiyya.

Malamar Adabi:
A nan ba mu da saɓani ko kaɗan. Ni ban ce mai waƙar tana yabon danniya ba. Ra'ayina ma akasin haka ne: ina ganin ta san abin da take zanawa sarai, kuma ta zana shi da kyau. Matsalar tana wajen masu ji.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1983 mawaƙin Ingila Sting ya fitar da wata waƙa tare da ƙungiyarsa, wadda muryar cikinta ke shaida wa mace cewa yana lura da duk motsinta da duk numfashinta. Kiɗan mai laushi ne, sai mutane suka ɗauke ta waƙar ƙauna, har ana sa ta a bikin aure. Shi kuwa ya sha faɗa a hirarraki cewa waƙa ce ta kishi da sa ido da son mallaka, kuma yana mamakin yadda aka juya ta. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, har yanzu akwai masu jin ta a matsayin alkawarin so. Kunne yana fara karɓar kiɗa kafin hankali ya karɓi kalmomi, kuma abin da kunne ya riga ya yanke wa hukunci da wuya a sake masa shari'a.

Anti Nas:
Bari in shigo ta ɓangaren aikina, don na daɗe ina zama da mata a ɗakin ba da shawara. Da na ji waƙar nan, abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda baitocin suka bi tsari daki-daki yadda masu bincike suka bayyana shi.

Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Evan Stark, ya fitar da littafi a 2007 inda ya yi bayanin cewa cutarwa a tsakanin masoya ba duka ne ginshiƙinta ba. Ginshiƙin shi ne a mallake mutum ta hanyar tilas: a sa masa ido, a tsara masa ƙananan al'amuran rayuwarsa kamar sutura da fita da kashe kuɗi, a raba shi da mutanensa, har ya wayi gari ba shi da wata madogara sai mai cutar da shi. Duka yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa. Kafin shi ma, a farkon shekarun 1980, ma'aikata a garin Duluth na Amurka sun zauna da matan da aka cuta suka tattara dabarun da ake amfani da su, kuma raba mace da danginta da ƙawayenta yana cikin manyansu. Baiti na ɗaya da na biyu ke nan, ba ragi ba ƙari.

Abin ya kai har doka ta shiga. A Ingila da Wales, tun ƙarshen Disambar 2015 irin wannan takura da juya abokin zama laifi ne mai zaman kansa, ko da ba a taɓa ɗaga hannu ba, kuma hukuncinsa yana iya kai wa ɗaurin shekara 5. Scotland ma ta yi tata dokar a 2018. Wato abin da ake rerawa ana lumshe ido, a wasu ƙasashe kotu ake zuwa a kansa.

Baiti na uku kuwa, tsawa da dare kuka da safe, shi ne ya fi kama mutane, kuma shi ne igiyar. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Lenore Walker, ta bayyana wannan zagayen a 1979: zaman ɗar-ɗar, sai fashewa, sai lallashi da alkawarin ba za a sake ba, sai a koma farko. A 1981 wasu masu bincike, Donald Dutton da Susan Painter, suka nuna cewa abu biyu in sun haɗu, wato ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya sannan cuta da kyautatawa suna zuwa bi-da-bi ba tare da an san lokacinsu ba, shaƙuwar da ke ƙulluwa tana da ƙarfi ƙwarai. Da kullum mugu ne da tuni ta tafi. Safiyar kukan nan ita ke riƙe ta, tana jiran ta sake dawowa. Saboda haka amshin da take cewa ba ta da wanda za ta kama, ni ba na jin sa a matsayin zurfin so. Gaskiya take faɗa. Baiti na biyu ya riga ya kwashe duk wanda za ta kama.

Ummu Hanan:
Anti Nas, Allah ya saka da alheri. Jimlarki ta ƙarshe ita ce abin da nake ji na kasa furtawa.

Baƙuwa:
Ku yi haƙuri na ɓoye sunana. Na zauna a cikin irin wannan, Allah ya fitar da ni.

Abin da waƙar ta faɗa gaskiya ne, amma akwai abin da ba ta faɗa ba, shi ne yadda kike zama mai gadin kanki. Ya kai ba sai ya duba wayata ba, ni nake dubawa kafin ya dawo. Saƙon yayata uwa ɗaya uba ɗaya nake gogewa, ba don akwai wani abu a ciki ba, sai don ta rubuta "ya kike, kwana biyu shiru," kuma na san zai tambaye ni me na gaya mata da har take tambaya. Daga yadda ya juya mabuɗi a ƙofa nake gane irin daren da za mu yi. In ya juya a hankali sai in saki numfashi, in ya buga sai in fara lissafin abin da na yi tun safe.

Kuma ina son sa a lokacin, kada wani ya ce ƙarya ne. Ranar da ya yi kirki babu kamarsa. In ya yi kuka sai in ji ni ce azzaluma.

Game da tambayar Ummu Hanan, ni amsata biyu ce kuma ban iya raba su ba. Lokacin da nake ciki, irin waɗannan waƙoƙin suna sa in ji halin da nake ciki yana da daraja, cewa haka so na gaskiya yake, da zafi. Sun taimaka na daɗe. Amma kuma wata rana da wani baiti irin wannan ya faɗi daidai abin da ake min, shi ne karo na farko da na gane ba ni kaɗai ba ce, cewa abin yana da kama, ba halina ne ya jawo ba. Waƙa ɗaya tana iya yin duka biyun ga mutum ɗaya.

Maman Nabila:
Allah sarki 'yar'uwa. Allah ya ƙara miki lafiya da nutsuwa, ya musanya miki da mafi alheri.

Mai Kula da Zaure:
Don Allah kada kowa ya bi ta da saƙon sirri yana tambayar ko wace ce. Wanda ya yi haka za mu cire shi.

Sadauki:
Allah ya saka wa baƙuwarmu. Ina da ƙorafi ɗaya a kan yadda zancen ke tafiya: kamar an ɗauka maza ne kaɗai ke yi. Ina da aboki da matarsa ta raba shi da kowa, albashinsa a hannunta, in ya yi maganar rabuwa ta ce za ta kashe kanta. Shi kuwa ko wa ya gaya wa dariya ake masa. Da namiji ne ya rera waƙar nan da ba wanda zai ce komai.

Anti Nas:
Malam Sadauki, gaskiyarka ce maza ma ana yi musu, kuma kunya tana hana su magana fiye da mata. Dokar Ingila da na ambata ba ta ware jinsi ba. Sai dai nauyin ya fi faɗawa kan mata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna kusan kashi 27 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa aure ko soyayya sun gamu da duka ko cin zarafin jima'i daga abokin zamansu. Faɗin wannan ba ya rage komai daga abin da abokinka ke ciki. Kada ka daina kiransa ko da ba ya ɗauka.

Malamar Adabi:
Maganar Sadauki ta barazanar kashe kai ta dawo da ni kan baiti na uku, don akwai abin da muka tsallake. Duk muna cewa ita ce mai dogaro. Amma wa ya durƙusa? Wa ya kasa jure kira ɗaya da ba a ɗauka ba? Wa ya kasa yarda ta sami ƙawa ko guda? Mutumin da hankalinsa ke kwance ba ya buƙatar lambar wayar kowa. A karatuna, shi ne ya fara kasa tsayuwa da ƙafarsa, sai ya yi ta sassare nata ƙafafun har ta zama ita ma ba ta iya tsayuwa, don ya tabbatar ba za ta tafi ba. Amshin da take rerawa kalmominsa ne a bakinta. Ai ita da kanta ta ce ba ta san kanta ba sai ta bakinsa. In haka ne, wa ya koya mata cewa ba ta da kowa?

Ban faɗi haka don a tausaya masa a wanke shi ba. Raunin da ke cikin mutum ba ya ba shi izinin ɗaure wani.

Abban Walid:
To amma ajiye jakar fa? Ba wanda ya riƙe hannunta. Sunanta kawai ya kira. Ni a nan nake ganin so ne ya yi rinjaye, ko mun so ko mun ƙi. So hana ganin laifi.

Anti Nas:
Abban Walid, bakin ƙofar nan shi ne wuri mafi haɗari a waƙar gaba ɗaya. Masu aiki a wannan fanni sun daɗe da sanin cewa lokacin da mace ta yi yunƙurin tafiya ko ta tafi, lokacin ne barazana ga rayuwarta ke ƙaruwa, saboda mai mallakar yana ganin abin da ya gina yana kuɓuce masa. Jane Monckton Smith, masaniyar laifuka a Ingila, ta bibiyi kisan mata 372 da abokan zamansu suka yi, ta fitar da sakamakon a 2019, kuma ta nuna yadda abin ke bin matakai: takura da sa ido, sai wani abu ya girgiza ikon mai takurar, galibi rabuwa, sai abin ya ƙazanta. Macen da ta zauna da irin wannan mutumin ta san wannan a jikinta ko ba ta karanta komai ba. Waƙar ba ta gaya mana da wace irin murya ya kira sunan ba. Kai ka ji lallashi, ni na ji gargaɗi, kuma matan da na zauna da su da yawa za su ce maka murya ɗaya tana ɗauke da duka biyun.

Baƙuwa:
Haka ne Anti. Sunana kawai yake kira, a hankali ma.

Mai Kiɗa:
Ni sana'ata haɗa sauti, bari in faɗi abin da kunnena ya kama. A amshin farko akwai muryoyin mata da yawa suna mara mata baya. A na biyu, bayan baitin ƙawaye, sun ragu. A na ƙarshe, bayan ta ajiye jaka, an cire su duka, an cire ganga, ita kaɗai ce da ɗan sauti a ƙasa. Ba a yin wannan da kuskure, wani ne ya zauna ya zare muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Da nasarar soyayya ake son nunawa, a nan ne za a cika kiɗa a ɗaga murya. Wanda ya haɗa waƙar ya san kaɗaici yake nunawa.

Matsalar ita ce yawancin masu turawa ba su taɓa jin wannan ba. Abin da ke yawo a TikTok da Instagram guntu ne na 'yan daƙiƙoƙi, kuma amshin farko ne, mai cike da muryoyi. Babu waya, babu ƙawaye, babu jaka. In ka yanke amshin shi kaɗai, waƙar so ce lafiyayya.

Ummu Hanan:
Wallahi ban lura da raguwar muryoyin ba sai da ka faɗa. Na koma na saurara, haka ne.

Abban Walid:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, Mai Kiɗa. Amma ta ƙara tabbatar da abin da na tsaya a kai: mai waƙar ta yi aikinta, ba za a ɗora mata laifin wanda ya yanki guntu ba. Kuma ba na goyon bayan a ce dole kowace waƙa ta ƙare da wa'azi ko ta nuna matar ta fita. Wasu ba sa fita, waƙa kuma tana da ikon faɗin hakan.

Malamar Adabi:
Ban nemi wa'azi ba. Da ta fita a baitin ƙarshe da waƙar ta yi rauni, don da mai sauraro ya sami sauƙi ya manta. Sai dai ba zan wanke masu fitar da waƙa gaba ɗaya ba. Su suke zaɓar guntun da za a fara tallata waƙa da shi, kuma sun san wanne ne zai fi yawo.

Auta:
Anti Nas, tambaya. Ƙanwar abokina kullum wannan amshin take ɗorawa, kuma ta daina zuwa ko'ina tun da ta haɗu da wani. Yayanta yana cewa zai je ya same shi. Ya kamata?

Anti Nas:
A'a Auta, ka hana shi. In ya je ya yi faɗa, ita za ta biya bayan ya tafi, kuma saurayin zai sami hujjar cewa danginta ba sa son farin cikinta. Kada kuma a zage shi a gabanta, kare shi za ta yi. Ɗora waƙa kaɗai ba ya nuna komai, amma daina zuwa ko'ina abin dubawa ne. A samu mace ɗaya a gidan da take jin maganarta, ta riƙa nemanta a kai a kai ba tare da tuhuma ba, ido da ido in zai yiwu, don wataƙila ba ita kaɗai ke karanta saƙonninta ba. Ta tambaye ta abubuwa ƙanana: kina iya fita in kin so? Kina jin tsoro in kin ga kiransa? In ta ce eh, a nemi ma'aikatan da suka san wannan aikin kafin a yanke shawarar komai. Turo min saƙo in gaya maka irin tambayoyin da za a fara da su.